Tambaya Daga Tsafe

Shekarar da layin intanet ya fara leƙowa Gusau, wajen 1999, mutum na farko da abin ya hau wa ka shi ne Lukuman. Aikinsa buga wa jama'a takardu da kwamfuta a wani shago kusa da tasha, amma ka kuskura ka kira shi mai buga takarda, kun ɓata ke nan sai an shiga tsakani. Injiniya yake so a ce masa. Injiniyan mene ne, babu wanda ya sani, shi ma bai taɓa tsayawa ya yi bayani ba.

Mai shagon ne ya jawo layin waya ya haɗa da kwamfutar. In za a shiga, sai wani ɗan akwati ya yi ta tsuwa kamar an taka wutsiyar mage, can sai saƙonni su zubo. Ta nan Lukuman ya faɗa wani dandali mai suna Zauren Gyara. Injiniyoyi ne da masu aikin hannu daga Zariya da Kano da Sakkwato, har da 'yan Arewa mazauna ƙasashen waje. Wanda injinsa ya ƙi sai ya rubuta da Hausa, saƙon ya je wa kowa, wanda ya sani ya amsa. Mai kula da zauren wani Dakta Yusha'u ne a Zariya, mutum mai sanyin hali. Roƙonsa ga kowa kaɗan ne: a yi sallama, a karanta tambaya daga farko har ƙarshe, wanda bai sani ba ya yi shiru, kuma kada a yi rubutu da manyan baƙaƙe zalla, domin a wajen masu kwamfuta wannan ihu ne.

Lukuman ya karanta ya kwashe da dariya. Ya leƙa ya kira maƙwabcinsa Tajuddeen tela.

"Zo ka ji wani Dakta, wai babban baƙi ihu na. To ni babban mutum in rubuta ƙaramin baƙi, don mi?"

"Injiniya, ko almakashi in an ce kama nan, nan aka kamawa," in ji Tajuddeen.

"Kai tela na, ɗinka abinka. Wanga zaure, ka ba ni ɗan lokaci, ni za a naɗa sarkinshi."

Ba sarautar ce kawai a ransa ba. Akwai Zuwaira a Tsafe, yarinya mai fara'a wadda ta gama sakandare, kuma gaskiya Lukuman yana sonta har cikin ransa, duk cika bakinsa in ya zo gabanta sai murya ta yi laushi. Mahaifinta ya rasu, magana tana hannun uwarta, wadda duk Tsafe ke kira Hajiya Mai Inji saboda injin niƙanta, kuma ita ce shugabar ƙungiyar mata masu niƙa da tatsar man gyaɗa. Matsalar ita ce ba Lukuman kaɗai ke sallama a ƙofar gidan ba. Akwai Mas'udu, malamin gona a Bunguɗu, wani salihi mai tsohon babur, wanda in ya fara gaishe ka sai ka nemi wurin zama. Zuwaira ta fi karkata ga Lukuman don yana ba ta dariya. Hajiya kuwa ta ce ita ba ta duba riga ko babur, wanda ya san darajar mutane shi za ta ba. Da maganar ta iso kunnen Lukuman, kalmar "sani" kaɗai ya tsinta ya bar sauran a ƙasa.

Ya yanke shawara: zai cika Zauren Gyara da amsoshi har sunansa ya kai Tsafe da kansa, Hajiya ta ji cewa surukinta ne ke koya wa dakta-dakta aiki.

Akwai wani abu da yake burge shi da Zuwaira. Ba ta taɓa cewa tana da tambaya. Kullum sai ta ce, "Ina da ɗan neman bayani." Lukuman ya ɗauka tsabar boko ne da wayewa, har yakan yi wa Tajuddeen alfahari da hakan.

Ya fara aiki ba kama hannun yaro. Wani daga Sakkwato ya ce janaretonsa yana tari, Lukuman ya rubuta masa, "KAI SHI ASIBITI." Wani ɗalibi ya yi sallama ya ce shi sabo ne, a yi masa afuwa, firintarsa, wato injin buga takarda, tana cin takarda. Lukuman ya ce, "YUNWA TAKE JI, KAI MA DA KA CI ABINCI DA KA YI TUNANI." Ɗalibin bai sake ko tari a zauren ba. Dakta Yusha'u ya aiko masa da saƙo shi kaɗai, ya gaishe shi, ya yaba ƙoƙarinsa, ya roƙe shi ya sassauta. Lukuman ya buga saƙon a takarda ya manna a bangon shago, duk wanda ya shigo sai ya nuna masa. "Ka gani? Dakta guda shina roƙo na."

Gaisuwa kuwa ba ya karanta ta sam. Da ya buɗe saƙo ya ga an fara da sallama da ina gajiya da ya iyali, sai ya danna ya gangara can ƙasa inda ake maganar inji. Ya ce gaisuwa aikin marasa aikin yi ne.

Rannan sai ga saƙo daga Bunguɗu, kuma daga Mas'udu. Ofishinsu na gona ma sun samu layi. Bayan gaisuwa mai tsawon gaske, ya ce wani dattijo mai noman rani a Kekun Waje injin ban ruwansa yana tashi lafiya amma ba ya jan ruwa, shi kuma saninsa a taki da iri ya tsaya, don Allah a taimaka. Lukuman ya murza hannu. Ya taɓa jin ana cewa irin wannan inji sai an ɗura masa ruwa kafin ya ja. Ta ina ake ɗurawa, wannan bai kai ga ji ba.

"ZUBA MASA RUWA MANA. KO YARON GOYE YA SAN WANNAN."

Mas'udu ya sake gaisuwa, ya yi godiya, ya ce a gafarce shi, ta ina za a zuba?

"TA BAKI. KAI TA KUNNE KAKE SHA?"

Mas'udu ya aika wa dattijon amsar yadda ta zo. Dattijo ya zagaya injinsa, ya ga baki ɗaya mai murfi a sama, inda ake zuba fetur. Ya yi bisimilla ya ɗura masa ruwa har ya tumbatsa.

Ba a jima ba wata motar a-kori-kura ta tsaya a ƙofar shagon Lukuman. Aka sauko da injin aka dire a bakin ƙofa. Dattijon ya shigo da sandarsa, Mas'udu na biye yana ba shi haƙuri.

"Wane na Injiniya?"

Lukuman ya gyara hula. "Ga ni, Baba."

"To ga majinyacinka. Ya sha ruwa ta baki yadda kac ce. Da can shina tashi bai ja, yanzu ko tashin ya daina. Albasata na can tana bushewa."

"Wane baki kunka zuba?"

"Baki nawa gare shi?"

Mutanen tasha sun fara taruwa. Lukuman ya duƙa ya leƙa injin ta nan, ya leƙa ta can, ya ƙwanƙwasa shi da biro. Ya ce matsalar ƙauye ke nan, a ba su ilimi su zuba shi inda ba nan ba. Don ya nuna musu yadda ake yi, ya taka injin da ƙafa ɗaya ya fizgi igiyar tayar da shi da dukan ƙarfinsa. Igiyar ta tsinke. Injiniya ya tafi da baya-da-baya ya zauna daɓas cikin kwandon tumatirin wata mata da ke talla a gefen titi.

Tasha ta ɗauki sowa. Mai tumatir ta riƙe masa riga tana kiran jama'a su zo su gani. Tajuddeen ya fito da zare a baki yana tambaya, "Injiniya, wanga zaman da babban baƙi aka rubuta shi ko da ƙarami?" Mas'udu ne ya miƙa masa hannu ya tashe shi, ya lallashi matar, ya yi wa Lukuman sannu har da tambayar ko ya ji ciwo, sannan ya kwashi dattijo da injinsa suka nufi wajen masu gyara. Wannan sannun ta fi faɗuwar yi wa Lukuman zafi.

Wani zai yi sanyi daga nan. Lukuman kuwa cewa ya yi hassada ce, kuma maganinta ya ƙara wuta.

Ana haka sai ga saƙo mai kan magana "Tambaya daga Tsafe". Wata ƙungiyar agaji ta ba ƙungiyar matan Tsafe kwamfuta, akawunsu Malam Idris shi ke rubuta musu saƙo, in amsa ta zo ya buga a takarda ya karanta musu ranar taro. Lukuman ya ga sunan garin, zuciyarsa ta yi fari. Ga dama ta kawo kanta har gida. Kamar yadda ya saba, ya tsallake gaisuwar ya dira a ƙasa: injin niƙa yana baƙin hayaƙi, da an zuba masa hatsi sai ya mutu.

Da ya tsaya ya karanta gaisuwar, da ya ga inda aka rubuta, "Ni ce Hajiya Tambaya, shugabar mata, wadda ake kira Mai Inji." Sunanta na yanka ke nan. Shi ya sa Zuwaira ba ta iya furta kalmar, don 'ya mai kunya ba ta kama sunan uwarta ko da a cikin zance ne. Lukuman bai taɓa jin sunan ba, ai ba a tambayar sunan suruka. Kowa a Zauren Gyara ya san wadda ta aiko saƙon, ban da mai neman 'yarta.

Maganin hayaƙin bai san shi ba. Amma ya lura manyan zauren wani lokaci sukan ce an taɓa amsa abu kaza, a duba saƙonnin baya. Ya ga wannan ita ce amsar manya, ba ta buƙatar sanin komai. Ya zauna ya rangaɗa ta, ya ƙara mata gishiri, ya aika.

Ranar taron mata ya sha babbar riga mai sitati, ya fesa turare, ya hau motar Tsafe. Tajuddeen ya bi shi, wai zai sayo yadi, alhali kallo ya je.

A ƙarƙashin bishiyar ƙofar ofishin ƙungiya mata sun cika tabarmi. Hajiya tana kan kujera a tsakiya da carbi a hannu, Zuwaira na zaune a gefenta. Lukuman ya durƙusa ya gaida Hajiya gaisuwar minti ɗaya ba ta cika ba, ya miƙe ya ce ya zo ne ya ji ko amsarsa ta iso.

Malam Idris ya ja shi gefe, fuskarsa duk ta canza. "Injiniya, ta iso. Na ɓoye ta. Don girman Allah ka bar ta inda take."

"Ɓoyewa? Kai ma hassadar ta kama ka?"

"Ka karanta saƙon tun daga sama kuwa?"

"Ni ba ni karanta ina-kwana. Kawo nan."

Ya fizge takardar, ya tsaya a tsakiyar fili, ya yi gyaran murya. Ya ce iyaye mata su saurara su ji yadda ake magana a zauren masana. Ya ɗaga murya yadda baƙaƙen suke manya.

"WANNAN TAMBAYA TSOHUWA CE TUKUF."

Wata mata ta ce, "Innalillahi." Carbin Hajiya ya tsaya.

"KOWA A ZAUREN NAN YA GAJI DA ITA."

Mata suka fara kallon juna, wasu suka rufe baki da mayafi. Lukuman ya ɗauka kwarjinin ilimi ne ya kama su, ya ƙara buɗe murya.

"TAMBAYA CE BA KAI BA GINDI, BA TSARI BA FASALI. DA NI KE DA IKO, DA TUNI NA SHARE TA NA JEFA A KWANDON SHARA."

"Lukuman!" in ji Zuwaira.

"Bari in ƙarasa, yanzu za ki ji wurin daɗin. AN YI TA AN AMSA TUN TUNI, A JE A DUBA BAYA. KUMA DON ALLAH MUTANEN TSAFE, KU RIƘE TAMBAYARKU A GIDA, KU DAINA TURO MANA ITA GUSAU."

Ya naɗe takarda yana jiran tafi. Babu wanda ya tafa, sai ƙarar wani inji da ke tashi daga bayan ofis. Tajuddeen, da wata tsohuwa ta raɗa masa abin da ake ciki, ya sulale ya koma bayan bishiya yana cizon hularsa.

Hajiya ta ajiye carbi a cinya. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ɗana, maimaita mini wurin kwandon shara, kunnen tsohuwa tukuf bai ji da kyau ba."

"A'a Hajiya, ai ba da ke nike ba. Da tambayar nike."

"To ai ga ta zaune gabanka. Ni ta Tambaya. Sunan da ubana ya yanka mini rago da shi ke nan."

Gumi ya keto wa Lukuman tun daga ƙarƙashin hula. Ya dubi Zuwaira, ya tuna "neman bayani".

"Hajiya, wallahi, na rantse, tambaya mai ƙaramin baƙi nike nufi! Ta boko! In suna na, da babban baƙi aka fara shi, in ko tambaya ta yau da kullum ta, da ƙarami. Kowa ya san wanga!"

"Madalla," in ji Hajiya. "Zuwaira, ke kin yi boko. Karɓi takardar ki nemo mini ƙaramin baƙin."

Zuwaira ta karɓa. Ta bi layi-layi da yatsa, kuma Allah ya sani da gaske take nema, don ta so a ce ta samu. Ta kai ƙarshe ta ɗago, idanunta sun kawo ruwa.

"Inna, babu ko ɗaya."

"Injiniya babban mutum na, bai rubuta ƙarami," in ji wata murya daga bayan bishiya.

Mata suka fashe. Wata ta ce ita tun da take ba ta taɓa ganin mai neman aure ya biya kuɗin mota ya zo ya zagi suruka da takarda a hannu ba. Wata ta ce a bar shi ya ƙarasa, wataƙila akwai shafi na biyu. Lukuman ya zube a ƙasa, sitatin riga na ƙara, ya ce a ba shi injin yanzu-yanzu zai gyara shi kyauta.

"Ba ka ji shi shina aiki ba?" in ji Hajiya. "Wani bawan Allah na Zariya, Dakta, ya gaishe ni, ya tambayi lafiyar iyalina, yat tambaye ni ko injin cikin ɗaki shike inda gari ke tashi. Nac ce i. Yac ce a ciro matacin iska a wanke. Anka wanke. Shi ke nan."

Malam Idris ya ƙara da cewa shi dai ya bi umarnin Injiniya, ya je ya duba baya, ya karanta duk saƙonnin zauren tun daga na fari. Babu wanda ya taɓa yin wannan tambaya.

Hajiya ta dubi Lukuman, a karo na farko fuskarta ta nuna ɓacin rai. "Na yarda ba ka san ni ce ba. To da wata ce fa? Da wata talaka ce wadda injin nan shi na abincin ɗiyanta, haka za ka amsa mata?"

Lukuman ya sunkuyar da kai. Zuwaira ta tashi ta nufi gida ba ta waiwayo ba.

Ya koma Gusau ya ɓamɓare saƙon Dakta daga bango. Ya yi ta aike Tsafe, Zuwaira ba ta fitowa. Amma mai hali ba ya rasa dabara, sai ya shawo kan kansa cewa fushin mata ne, in manya suka shiga zai wuce. Ya matsa wa kawunsa lamba har ya yarda ya ɗauki goro da alewa ya je a yi tambayar aure a hukumance wurin baffan yarinya a gidan Hajiya. Tun da ango ba ya shiga irin wannan zama, Lukuman ya rakaɓe a wani benci can nesa da ƙofar gidan yana karkaɗa ƙafa.

Ko shayi ba a isa shanyewa ba kawu ya fito, ƙullin goron na hannunsa yadda ya shiga da shi.

"Kawu, yaya? Mi sunka ce?"

"Baffan bai ce komai ba. Hajiya ta yi magana daga bayan ƙofa, tac ce ita da ɗiyarta bakinsu ɗaya."

"Tac ce mi?"

Kawu ya dire masa goron a cinya. "Tac ce wagga tambaya tsohuwa ta tukuf. An yi ta an amsa tun tuni. A je a duba baya."

Lukuman ya waiwaya. Ga Mas'udu yana kafe tsohon babur ɗinsa a inuwa. Ya ƙaraso da murmushi, ya ba kawu hannu biyu, ya gaida Lukuman, ya tambayi gajiya, ya tambayi aiki, ya tambayi mutanen Gusau, har ya tambayi ko bayansa ya daina ciwo tun faɗuwar nan. Sai da ya gama tsaf, sannan ya sunkuyar da kai cikin jin kunya.

"Injiniya, dama ina son ganinka. Katin ɗaurin aure za ka buga mini. Sai dai ina da ɗan..." Ya saci kallon ƙofar gidan Hajiya, ya rage murya. "Ina da ɗan neman bayani. Da manyan baƙaƙe ya fi kyau, ko da ƙanana?"